Shamuwa a Kan Bututun Atiku Magini

Wanda ya taso daga Isa ya nufi ƙasar Turba, in ya kai wani ɗan ƙauye da ke gefen fadama, zai hango wani gini ya ɗaga kai sama da katangun gari, mai ƙaton ciki da gajeren wuya. Baƙo yakan ɗauka rumbu ne aka ɗora a kan ɗaki. Ba a yi masa dariya, domin bai yi nisa da gaskiya ba. Gidan Atiku Magini ke nan. In an tambaye shi, shi da bakinsa yake cewa a duk aikin da hannunsa ya yi babu wanda ya kai wannan kyau, babu kuma wanda ya kai shi wauta.

Ginin rumbu Atiku ya gada. Gajere ne, baƙi, mai kauri, kamar shi ma da laka aka ɗora shi. Tun yana ɗauko wa mahaifinsa ruwa a tulu ya koyi cuɗa laka da ciyawar ramno, a bar ta ta kwana ta ruɓa, sannan a yi ta ɗorawa zobe bisa zobe, ba igiya ba ma'auni, ido ne kawai da tafin hannu. Da ƙuruciyarsa an kira shi aiki har Gatawa da gonakin Alkalawa, kuma akwai rumbunan da ya gina waɗanda suka binne masu su suna nan tsaye. Mahaifin nasa ba mai yawan magana ba ne, amma ya bar masa guda ɗaya. Yakan ce, "Rumbu baki ɗaya gare shi, shina sama. Wanda duk ka gani da huda ga ciki, ko ɓarawo ya yi ta ko yunwa." Atiku ya riƙe maganar nan kamar laya. Ko da wasa bai taɓa ɗora guduma a cikin abin da ya gina ba.

Sai zamani ya juya. Tun da mutanen daji suka fara shigowa ƙauyuka, jama'a suka gane rumbu tsaye shela ce: ga abin da na noma, ga inda yake. Aka koma zuba hatsi a buhu ana turawa ƙarƙashin gado. Atiku ya wayi gari da hannu mai ƙaiƙayi, ba mai kiransa. Yakan zauna a dakalin ƙofar zaurensa yana murza ƙasa tsakanin yatsu, yana faɗa wa maƙwabcinsa Kalilu wadda za ta yi gini da wadda ba za ta yi ba. Kalilu Bahillace ne dogo, fari, siriri, wanda ya zauna gari da 'yan shanun da suka rage masa. Tun suna samari suke tsokanar juna, har yau ba wanda ya gaji.

Matar Atiku, Safiyatu, ita kaɗai ke fama da tukunya. 'Yarsu Zahra'u tana aure a Sabon Birni, ɗansu Zayyanu ya tafi ci-rani ya mai da shi zama. Da rani tana girki a tsakar gida, iska ta kwashe hayaƙin. Da damina kuwa sai ta shige wata tsohuwar bukka marar taga, ta durƙusa tana hura jiƙaƙƙen kara. Shekara da shekaru haka, har idanunta suka fara ruwa, suka yi ja, ta koma tsintar tsakuwa a shinkafa da laluben yatsa. Da abin ya yi yawa ya kai ta asibiti a Isa. Ma'aikaciyar da ta duba ta ta ba su maganin ɗigawa, sannan ta juyo wajen Atiku ta ce, "Baba, magani na taimakawa, amma in kana son Inna ta ci gaba da ganinka, ka raba ta da hayaƙi."

A hanyar tasha ya kawo mata zancen murhun gas. Ta ce ita ba ta kwana gida ɗaya da abin da ke fashewa. Suna cikin haka suka wuce wani gidan burodi, Atiku ya ja ya tsaya. Ga tanderu na ci da wuta, ga masu aiki na kai da komowa ba mai share ido, hayaƙi kuwa yana bin wani bututu yana fita can sama abinsa. Ya daɗe yana kallo har sai da Safiyatu ta ce motar ba za ta jira su ba.

Ranin nan duka ya ƙare a kan aikin. Ya gina mata sabuwar madafa ta soro jikin zaure, ya yi murhu a kusurwa, ya tayar da bututu daga kansa. Bututun gidan burodi siriri ne, miƙaƙƙe. Haka Atiku ya yi niyya. Amma hannun da ya shekara arba'in yana ginin rumbu ba ya jin magana. Yana fitowa saman soro sai ginin ya fara buɗewa da kansa, ya yi ciki, ya tsuke wuya, sannan ya shimfiɗa leɓe mai faɗi a sama, irin wanda ake yi don jinka ta samu wurin zama. Ya shafe shi da makuba har yana ƙyalli.

Kalilu ya leƙo ta kan katanga ya ce, "Kaɗo, hayaƙin za ka tara ka ci da bazara?"

"Mi Bahillace ya sani ga gini? Ku da iska ke ɗauke ma ɗaki."

Aka hura wuta, hayaƙi ya bi hanyarsa. Safiyatu ta zauna a kan kujera tana tuƙa tuwo, ido a buɗe. A ranar miyar ta ji man shanu fiye da kullum.

Ana nan bazara ta kama, zafi ya yi zafi, gabas ta fara haɗa gira. Wata safiya Atiku ya fito alwala ya ga shamuwa biyu tsaye a kan leɓen bututunsa, suna dubansa kamar masu gida sun ga baƙo. Kafin la'asar sun fara jido ƙirare.

To, garin ya kwana biyu bai ga sheƙar shamuwa ba. A da a kan wata babbar tsamiya ta bayan masallaci suke sauka. Da shiga daji neman itace ya zama sai mai ƙarar kwana, aka dinga sassabe ta reshe reshe, har ta koma kututture. Ba a tambayar gidan da bai ci tuwon da aka dafa da itacen tsamiyar nan ba. Shamuwa suka dinga zuwa suna kewaya gari suna wucewa, damina kuma ta yi ta zuwa da gardama. Kowa zai gaya maka Allah ke ba da ruwa, ba tsuntsu ba. Amma kowa ya san abin da ke ransa.

Saboda haka kafin magariba ƙofar gidan Atiku ta cika. Tsofaffi suka zo da sandunansu suna ɗaga kai. Liman Ibrahima ya ce ma sha Allah. Wani ya ce duk gidajen garin nan ta tsallake ta zaɓi na Atiku, wannan ba banza ba. Wani ya ce ai shamuwa ba ta sauka gidan mai baƙin ciki. Atiku ya sunkuyar da kai irin na mai kunya, yana jin maganar tana shiga har ƙashinsa. Nan take aka yanke, ba tare da an ce an yanke ba, cewa ba za a tura wa baƙi hayaƙi ba. Ko an so ma, ƙiraren sun toshe bakin.

Da jama'a suka watse Kalilu ya ce, "Abin mai sauƙi na. Toshe wuyan daga ƙasa, ka huda cikin daga gehe, hayaƙi ya hita nan. Su zauna lahiya, Safiyatu ta yi girkinta lahiya."

Atiku ya dube shi kamar ya zagi mahaifinsa. "In huda ciki? Ni? Ka taɓa ganin rumbun Atiku da huda?"

"Wanga ba rumbu ba ne."

"Hannun da ya yi rumbu shi ya yi shi."

Daga baya yakan ce tun kafin Kalilu ya buɗe baki ya san maganin ke nan. Yaron da ke wasan ƙasa ma ya sani. Sai dai sani daban, ɗaukar guduma daban.

Safiyatu ta kwashe duwatsun murhunta ta koma tsohuwar bukka. Ya ce mata na ɗan lokaci ne. Ta ce, "Ba komi, Malam. Baƙo raɓa ne."

Ruwa ya sauka a kan kari, shuka ta yi kyau, gero ya tashi baƙi ƙirin. Sunan Atiku ya tashi tare da shi. Aka daina ce masa Magini, aka koma Mai Masauki. Ranar kasuwa mutanen ƙauyukan kusa sukan ratso su ga sheƙar, shi kuwa ya shimfiɗa tabarma a dakali, ya sa hularsa ta Juma'a, yana ba da labari. Ya san lokacin da macen ta kwanta, ya san ranar da aka ƙyanƙyashe, ya san wace ce ke zuwa fadama kamun kwaɗi da fara. Mutumin da ya yi shekaru ba a tambaye shi ko ƙarfe nawa ba, yau ana yi masa shiru in yana magana. Yana zaune ya ba gidansa baya, fuskarsa na duban hanya. Bukkar tana can ƙuryar gida, tarin da ake yi a cikinta ba ya isowa dakali. Ko kuma yana isowa, labari ya fi shi ƙara.

Wata ranar an yi ruwa da safe, gari ya yi luf, baƙi uku suka zo daga wajen Gatawa. Atiku ya ɗaga murya ya ce a kawo fura. Aka daɗe. Can sai ga Safiyatu ta fito bakin zaure da ƙwarya a hannu biyu, tana taka ƙasa a hankali. Ta tsaya ta dubi mazaunan, ta matsa, ta rusuna gaban Kalilu ta miƙa masa.

"Ga shi, Malam."

Baƙin suka yi dariya. Kalilu ya karɓa yana washe baki, ya ce, "Ka gani, Kaɗo? Ko gidanka an san wa ya hi kyau." Sai ya ɗaga kai ya dubi fuskarta, dariyar ta ɗauke. Idanun sun kumbura, sun yi jawur, ruwa na bin kumatunta ba ta ma sani ba. Tsakanin dogon farin Bahillace da gajeren baƙin magini, ko da duhun magariba ba a ruɗewa. Wannan kuwa da hantsi ne.

Ta ji muryar da ta amsa ba ta mijinta ba ce, ta ja mayafi ta rufe baki, ta juya. Atiku ya bi ta ciki, abin da bai saba yi ba in da baƙi. Ya sunkuya zai shiga bukkar, hayaƙi ya tare shi a ƙofa kamar an watsa masa barkono. Ya ja da baya yana tari. Daga ciki ta ce, "Koma wurin baƙinka, Malam. Kaka ta kusa. In da sauran ido zuwa lokacin, sai mu ga tahiyarsu tare."

Bai koma ba. Ya tsaya a tsakar gida yana duban bututun da ya gina don idon mace guda, ga shi ya zama masaukin tsuntsu da abin taƙamar tsoho.

Duk da haka bai ɗauki guduma ba. Wurin Liman ya fara zuwa, ya tambaya ko laifi ne a ɗauke sheƙa a mayar wani wuri. Liman Ibrahima ya shafa gemu ya ce, "Ban ga inda anka ce kada a taɓa ba." Sannan ya ƙara, "Amma ni ban ce ka taɓa ba. Gero na shirin hidda kai." Atiku ya gane. In ya taɓa, ruwa ya ɗauke ko na mako guda ne, har jikokinsa sai sun ji sunansa a bakin mutane.

Ya gwada duk da haka. Ya bari sai da gari ya watse zuwa gona, ya jingina tsani, ya hau soro, ya yi ɗage ya leƙa. 'Ya'yan suna ciki, munana, duk baki da ciki, suka wage masa maƙogwaro suna zaton abinci ya kawo. Uwar ta sauko ta tsaya a leɓen, ba ta gudu ba, ba ta kai masa sara ba, kallonsa kawai take yi. Ya sauko hannu wofi, da farin tambari a kan hularsa ta Juma'a. Yakan ce a ranar ya san matsayinsa a wurin baƙin da yake taƙama da su.

Da asuba bayan an sallame ya kama hannun rigar Kalilu ya ce, "In ka gama tatsa ka zo ka riƙe min tsani."

Kalilu bai tambayi na mene ne ba. Ya ga laka a cuɗe a gindin katanga, da tsohon kasko, da guntun indararo, da guduma.

Sai da suka hau aka ga sauran magana. Ta ina za a huda? Gabas ɗakin kwanan Safiyatu ne, a banza ke nan. Arewa katangar Kalilu ce, inda yake ɗaure maruƙa, ya ce in aka shaƙe masa su sai sun je gaban alƙali. Kudu rumbun Atiku ne na gaske, guda ɗayan da ya rage, da jinkarsa busasshiya tana jiran tartsatsi. Saura yamma. Yamma kuwa ita ce ƙofar gida, daidai saman dakali.

Kalilu ya duba ƙasa, ya dubi Atiku, ya kau da kai don kada a ga bakinsa.

Atiku ya kewaya ginin yana shafa shi da tafin hannu, kamar mai sallama da dokin da zai sayar. Makubar ta yi santsi, ko tsaga babu. Ya ɗaga guduma ya sauke. Ya gyara tsayuwa. Ya ce rana ta shiga masa ido.

"Kaɗo, ai cikin inuwar ginin kake."

"Riƙe tsaninka, Bahillace."

"Ina bisa soro tare da kai, wane tsani za ni riƙe?"

Ya yi bisimilla, ya ce wani abu a hankali wanda ba da Kalilu yake ba, ya rufe ido ya buga. Ginin bai ko girgiza ba. Aikin Atiku ne. Sai da ya yi gumi sharkaf kafin ya samu ƙofar da kafaɗarsa za ta shiga, shamuwa na sama suna kaɗa baki suna sako masa abin da suka saba. A nan kuskurensa ya yi masa rana: da siririn bututu ya yi irin na gidan burodi, da ba inda zai sa hannu. Cikin rumbu kuwa ya ɗauke shi har ƙugu. Ya kifa kaskon a wuyan daga ƙasa, ya liƙe da laka mai kauri don zafi kada ya kai sheƙar, ya dasa indararon a hudar, ya gyara bakin. Da ya gama ya ja baya ya duba. Ya ce bai taɓa ganin abu mai muni haka ba.

Masu dawowa daga gona suka tsaya suna nuni. Wani tsoho da ya san mahaifinsa ya ce, "Atiku, ɓarawo ko yunwa?" Ya ce su biyun sun zo tare, ya ba su wuri.

Da laka ta sha iska Safiyatu ta mayar da duwatsunta madafa ta hura wuta. Hayaƙi ya hau, ya tarar an rufe sama, ya bi indararo ya fito. Hayaƙin damina kuwa ba ya son tashi. Ya yi ɗan jim a iska, sannan ya sauko a hankali ya zauna a dakali, daidai inda Mai Masauki ke shimfiɗa tabarma.

Baƙi suka ci gaba da zuwa na ɗan lokaci. Sukan zauna, a fara labari, a kai wajen ƙyanƙyasa, sai tari ya kama wani, wani ya tuna yana da sauri. Aka koma kallon sheƙar daga tsallaken hanya, inda ba a bukatar mai bayani. Sunan Mai Masauki ya bi ruwa. Yara suka sa masa wani, wanda ba a faɗa a gabansa, shi ne kuma ya fi kowa faɗarsa: Banda. Kalilu kaɗai ya rage, yana zuwa da rawani ya naɗe hanci, yana cewa shekara hamsin yana neman ganin Kaɗo na kuka, sai yanzu Allah ya nuna masa safe da yamma.

An ce masa ya matsar da tabarmar mana, ga inuwa can gefen masallaci. Ya ce dakalin ubansa ne. Wataƙila haka ne. Wataƙila kuma daga nan ne kawai mutum zai san an hura wuta a madafa, ba a bukka ba.

Gero ya nuna, aka yanke, shamuwa suka tattara 'ya'yansu suka yi kudu ba sallama. Atiku ya cuɗa laka zai toshe hudar ya buɗe sama, ginin ya koma yadda yake. Safiyatu ta fito ta tsaya a bakin madafa, ta sa hannu ta kare rana, ta dubi sheƙar da aka bari.

"Masu ɗakin za su komo, Malam. Ka so ka sake hudawa baɗi?"

Ya dubi lakar, ya dubi gudumar da ke jingine. Ya kwashe lakar ya je ya liƙe gindin katanga.

Sun komo kuwa, da bazarar da ta biyo, da wadda ta bi ta. Idon Safiyatu bai koma na budurwa ba, abin da hayaƙi ya ci ya ci. Amma ruwan ya tsaya, jan ya washe, tana tsintar shinkafarta da ido. Wata la'asar tuwo na kan wuta, su biyun suna dakali cikin hayaƙi kamar kifin banda, ta fito da ƙwaryar fura. Ta tsaya a bakin zaure. Ta dubi Kalilu, ta dubi mijinta, ta sake duban Kalilu, ba ta gaggawa. Kalilu ya miƙo hannu biyu.

Ta wuce shi ta rusuna gaban Atiku.

"Na gane ka, Malam," ta ce. "Kai ne mai jan ido."